Yadda Ake Bin Sawun Sakamakon da Ya Ɓace da Sabunta Manhajar BOINC Ba Tare da Asarar Aiki Ba

Wanda ya ba da aron kwamfutarsa ga binciken kimiyya ta hanyar BOINC, ko ba daɗe ko ba jima zai wayi gari wata rana ya tarar na'urar ta kwana tana lissafi, fankarta na ta kuka, amma da ya leƙa asusunsa a shafin shirin binciken da ya shiga sai ya ga makinsa, wato ladan da ake rubuta masa kan aikin da ya kammala, na nan inda ya bar shi jiya. Abin da yawancin mutane ke yi a wannan hali shi ne su garzaya su danna maɓallin da aka rubuta wa "Reset project", ko su cire manhajar gaba ɗaya su sake girka ta, kuma a nan ne asarar gaske take faruwa, domin mafi yawan sakamakon da ake cewa ya ɓace yana nan a wani wuri a kan hanya, yana jiran a gano inda ya maƙale. Wannan maɓalli yana share duk ayyukan shirin da ke kan na'urar, har da waɗanda aka gama lissafinsu ba a kai ga miƙa su ba, saboda haka shi ne abu na ƙarshe da ya kamata hannu ya kai gare shi.

BOINC manhaja ce da David Anderson ya jagoranci ƙirƙirarta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley tun daga 2002, bayan darasin da aka koya daga SETI@home, shirin da aka fara a 1999 don tace siginar rediyo daga sararin samaniya, wanda ya daina raba aiki a ƙarshen Maris na 2020. A kanta ne Einstein@Home ke neman taurari masu bugun haske, Rosetta@home na Jami'ar Washington ke nazarin siffar furotin, climateprediction.net na Jami'ar Oxford ke gwada hasashen yanayi, LHC@home kuma ke taimaka wa cibiyar binciken kimiyya ta Turai mai suna CERN. Folding@home yana da tasa manhajar daban, don haka sunayen fayiloli da maɓallan da za a ambata a nan ba su shafe shi ba, ko da yake hanyar tunanin ɗaya ce. Rubutun da ke jikin manhajar da Turanci yake fitowa ga yawancin masu amfani da ita, shi ya sa za a kawo shi yadda yake domin a gane shi a kan allo.

Tashoshin da sakamako ke bi

Ba za a iya neman abin da ya ɓace ba sai an san hanyar da yake bi. Uwar garken shirin, wato babbar kwamfutar da ke raba ayyuka da karɓar sakamako, tana ba kwamfutarka aiki tare da wa'adin da za a dawo da shi. Kwamfutar ta sauke fayilolin, ta yi lissafi, sannan ta ɗora fayilolin sakamako zuwa uwar garke. Bayan ɗorawa akwai wani mataki dabam da mutane da yawa ba su sani ba, wato kai rahoto: sai manhajar ta tuntuɓi sashen rabon aiki na shirin ta shaida masa cewa aiki kaza ya kammala, kafin a rubuta shi a matsayin wanda ya dawo. Daga nan sai tantancewa, inda shirye-shirye da yawa ke tura aiki iri ɗaya ga kwamfutoci biyu ko fiye na mutanen da ba su san juna ba, su gwama amsoshin. Sai amsa ta ci wannan jarrabawa ake ba da maki. Kowace daga cikin waɗannan tashoshi tana da irin nata cikas, kuma maganin wata ba ya yi wa wata aiki.

Matakin farko: duba abin da ke kan na'urarka

Ka buɗe BOINC Manager, ka koma cikakken fasali ta hanyar zaɓar "Advanced View" a ƙarƙashin "View", domin sauƙaƙaƙƙen fasalin yana ɓoye kusan duk abin da ake buƙata. Ka shiga sashen "Tasks". Kafin komai ka duba maɓallin da ke gefen hagu: idan an rubuta "Show all tasks" a jikinsa, to ayyukan da ke gudana kawai ake nuna maka, sauran an ɓoye su, kuma danna shi kaɗai ya isa ya dawo da abin da ka ɗauka ya salwanta. Abin dariya ne, amma ya sha tayar wa mutane hankali.

Sai ka karanta halin da kowane aiki yake ciki. Wanda aka rubuta wa "Ready to report" ya gama lissafi, an kuma ɗora fayilolinsa, rahoto kawai ya rage. Manhajar ba ta gaggawar kai rahoton kowane aiki shi kaɗai, takan tara su domin rage wa uwar garke nauyi. Ka je sashen "Projects", ka zaɓi shirin, ka danna "Update", za ka ga ayyukan sun fita daga jerin, wanda ke nufin an karɓe su. Kada ka yi ta dannawa a jere, saboda kowane shiri yana da ɗan lokacin da yake so a jira tsakanin tuntuɓa biyu, kuma wanda ya matsa zai ga an mayar masa da saƙon cewa buƙatarsa ta baya ba ta daɗe ba.

Wanda aka rubuta wa "Uploading" kuma ya daɗe a haka, matsalarsa tana wajen ɗorawa. Ka shiga "Transfers" ka ga fayilolin da ke jira. Idan ɗorawa ta gaza, manhajar takan ja da baya ta jira, kuma duk lokacin da aka sake gazawa sai jiran ya ƙara tsawo, har ya kai sa'o'i. Ka zaɓi fayil ɗaya ka danna "Retry Now". Akwai wani maɓalli kusa da shi mai suna "Abort Transfer", kuma shi ma ka nisance shi, domin soke ɗora fayil ɗaya yana lalata aikin da ya haife shi baki ɗaya.

Mataki na biyu: karanta kundin rahoto

Idan sake gwadawa bai yi ba, ka buɗe kundin da manhajar ke rubuta duk abin da take yi, ta hanyar danna Ctrl da Shift da E tare, ko ka zaɓi "Event Log" a ƙarƙashin "Tools". A nan ne ake raba laifin gida da na waje. Idan manhajar ta kasa isa ga shirin, takan gwada wani shafi na daban don ta ga ko intanet ɗinka na aiki. In ta rubuta "Internet access OK - project servers may be temporarily down", to matsalar tana can wajensu, kuma abin yi shi ne haƙuri. Kusan kowane shiri yana da shafin da ke nuna lafiyar na'urorinsa, inda za ka ga ko sashen karɓar fayiloli ko na tantancewa ya tsaya. Waɗannan shirye-shirye galibi ƙananan tawagogin jami'a ne ke riƙe da su, kuma idan faifan uwar garke ya cika ranar Asabar, mai yiwuwa sai Litinin a samu mai gyarawa. Lokacin da World Community Grid ya tashi daga hannun IBM ya koma Cibiyar Bincike ta Krembil da ke Toronto a 2022, an shafe watanni ba a raba aiki ba, kuma babu abin da wani mai sa kai zai taɓa a kwamfutarsa da zai sauya hakan.

Idan kuwa kundin ya ambaci takardar shaidar tsaro, wato shaidar da shafi ke nuna wa manhajar don ta amince da shi, kamar saƙon da ke cewa "Peer certificate cannot be authenticated with given CA certificates", to abu biyu ake zargi. Na farko agogon kwamfutar. Tsohuwar na'urar da ƙaramin batirin cikinta ya mutu takan koma wata shekara ta baya duk lokacin da aka ɗauke wuta, kuma na'urar da ke ganin tana cikin 2010 ba za ta amince da takardar da aka bayar bana ba. Ga wanda ke zaune inda wuta ke zuwa tana tafiya sau da yawa a yini, wannan shi ne abin da ya fi cancanta a fara dubawa, kuma batirin ba shi da tsada. Na biyu shi ne tsufan manhajar kanta. A ranar 30 ga Satumba 2021 wata tsohuwar takardar tushe mai suna DST Root CA X3, wadda shafukan da ke karɓar takardunsu daga hukumar Let's Encrypt suka dogara da ita, ta ƙare wa'adinta, sai tsofaffin sigogin BOINC na Windows, waɗanda ke tafe da nasu jerin takardun a cikin fayil ɗin ca-bundle.crt, suka kasa magana da shirye-shirye da dama. A irin wannan hali sakamakon yana nan lafiya a kan faifai, sabunta manhajar ne zai buɗe masa hanya, kuma za a zo kan yadda ake yi.

Wanda yake son ƙarin bayani yana iya buɗe "Event Log options" a ƙarƙashin "Options" ya kunna sched_op_debug domin ganin abin da ke gudana tsakaninsa da sashen rabon aiki, ko file_xfer_debug domin ɗorawa da saukewa, ko http_debug idan abin ya ƙi fahimtuwa. Na ƙarshen yana zubo rubutu da yawa ƙwarai, a kashe shi da zarar an ga abin da ake nema.

Mataki na uku: duba abin da shirin ya rubuta a kanka

Idan aikin ya bar na'urarka amma maki bai zo ba, sai a koma shafin shirin, a shiga asusu, a buɗe jerin kwamfutoci, a danna ayyukan kwamfutar da ake magana a kanta. Wannan jeri shi ne shaidar da ta fi kowace ƙarfi, kuma ya kamata a tsaya a karanta shi a tsanake.

Aikin da ke jiran tantancewa bai ɓace ba. Amsarka ta iso, amma ta abokin tafiyarka, wato mutumin da aka ba kwafin aikin, ba ta iso ba tukuna. Idan ka danna lambar ƙunshin aikin, wato ainihin aikin da aka raba kwafinsa, za ka ga duk kwamfutocin da aka tura wa da halin da kowace take ciki. Wataƙila abokin tafiyar ya kashe na'urarsa ya yi balaguro, sai an jira wa'adinsa ya cika a tura wa wani, shi ma a jira shi, ta haka makin aiki ɗaya kan iya ɗaukar makonni. Idan aka rubuta cewa tantancewa ba ta kai ga matsaya ba, amsoshin biyu ne suka saɓa, an kuma kira kwamfuta ta uku ta raba gardama.

Aikin da aka yanke wa hukuncin cewa amsarsa ba daidai ba ce, idan guda ɗaya ne cikin ɗaruruwa, ba abin damuwa ba ne. Idan suna yawaita, na'urarka ce ke kuskuren lissafi, kuma a ganina zafi ne babban wanda ake zargi kafin a je ga wani dalili. Kwamfutar da ke aiki da dukan ƙarfinta dare da rana a ɗakin da ba iska, a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ta toshe fanka tun watannin baya, za ta fara fitar da amsoshin da suka kauce ba tare da ta nuna wata alama a kan allo ba. A buɗe ta a kaɗe ƙurar, a shiga "Computing preferences" a rage yawan ƙwayoyin furosesa da ake amfani da su zuwa rabi ko kashi 75 cikin ɗari, wanda kuma ya ƙara wa furosesa ko katin hoto gudu fiye da yadda kamfani ya tsara ya mayar da su yadda suke. Idan duk da haka ba a daina ba, sai a gwada lafiyar ƙwaƙwalwar wucin gadi da manhaja irin su MemTest86.

Aikin da ya mutu da kuskure yana barin wasiyya. Ka danna sunansa, za ka ga lambar fita da rubutun da manhajar binciken ta bari kafin ta tsaya. Lamba 196 tana nufin aikin ya wuce iyakar wurin da aka ware masa a faifai, 197 ya wuce iyakar lokaci, 198 ya wuce iyakar ƙwaƙwalwa, 203 kuwa mai kwamfutar ne ya soke shi da hannunsa. Idan ka ga -161 a wajen ɗorawa, manhajar ta nemi fayil ɗin sakamako ba ta same shi ba, kuma sau da yawa ko dai aikin ya faɗi kafin ya rubuta shi, ko manhajar kashe ƙwayoyin cuta ta ɗauke shi bisa zargi. Maganin na biyun shi ne a shiga saitin manhajar tsaron a keɓe jakar bayanan BOINC daga bincikenta. Kafin ka ɗora wa na'urarka laifi, ka duba ko sauran kwamfutocin da aka ba wannan ƙunshi su ma sun faɗi da lamba iri ɗaya. In haka ne, ƙunshin ne gurɓatacce tun daga tushe. Ka kuma sani cewa yawan kurakurai yana sa uwar garke ta rage adadin ayyukan da take ba kwamfutar a rana, adadin kuma yana farfaɗowa da kansa idan amsoshi masu kyau suka ci gaba da isowa.

Aikin da wa'adinsa ya wuce ba a ji daga gare ka ba, ana tura shi ga wani. Idan naka ya kusa kammala, ka bar shi ya ƙarasa, domin amsar da ta makara tana iya samun maki muddin ta iso kafin a rufe ƙunshin. Idan ko farawa bai yi ba, soke shi ya fi. Tushen wannan matsala kusan kullum shi ne tara aiki fiye da ƙima. A cikin saiti akwai wurin da ake faɗin kwana nawa na aiki za a ajiye, kuma wanda ba ya samun wuta sai sa'o'i kaɗan a yini, ko yake kunna intanet sai ya sayi data, yakan ji sha'awar cika rumbu da aikin kwana goma. Manhajar tana ƙiyasta lokacin da kwamfutar ke kunne, amma ƙiyasin yana bin abin da ya gabata ne, ba ya hango makon da za a yi babu wuta. Ajiyar kwana ɗaya ko ƙasa da haka ta fi aminci.

Akwai kuma ayyukan da masu sa kai ke kira fatalwa: shafin shirin yana nuna an ba ka su, amma babu su a kan na'urarka. Abin da ya faru shi ne uwar garke ta rubuta cewa ta aiko, amsarta kuma ta katse a hanya kafin ta iso, abin da ya zama ruwan dare ga mai amfani da intanet ɗin waya. Wasu shirye-shirye sun kunna tsarin sake aikowa, za ka ga "Resent lost task" a kundin bayan ka danna "Update". Inda ba a kunna ba, a bar su wa'adinsu ya cika a ba wani. Ba ka yi asarar lissafin minti ɗaya ba.

Abu na ƙarshe a wannan mataki shi ne aikin da ya ɓace daga jerin shafin kansa. Shirye-shirye suna share tsofaffin ayyukan da aka gama da su daga rumbun bayanansu don kada ya kumbura, makin kuwa yana nan cikin jimillarka. A jakar bayanai akwai fayil mai farawa da job_log ga kowane shiri, inda manhajar ke rubuta ayyukan da ta kammala. Haka nan kada matsakaicin maki na kwanan nan ya ruɗe ka, domin an tsara shi ya ragu da rabi duk mako idan ba a ƙara komai ba, shafukan ƙididdiga na waje kuma sukan makara kafin su ɗauko sabbin alƙaluma.

Jakar da komai ke ciki

Kafin a taɓa batun sabuntawa dole a san cewa BOINC gida biyu gare ta. Manhajar kanta tana wuri ɗaya, bayanai suna wani wuri. A Windows jakar bayanan ita ce C:\ProgramData\BOINC, wadda a ɓoye take sai an rubuta adireshinta ko an umarci Windows ta nuna ɓoyayyun jakunkuna. A Mac tana /Library/Application Support/BOINC Data. A Debian da Ubuntu an saba samunta a /var/lib/boinc-client. Ba sai ka yi canke ba: a layukan farko na kundin rahoto akwai wanda ya fara da "Data directory", shi ne ke faɗin ainihin wurin. A cikinta akwai jakar projects mai ɗauke da fayilolin kowane shiri, da jakar slots inda ayyukan da ke gudana ke ajiye zangon da suka kai lokaci-lokaci domin su ɗora daga nan idan an katse su, da fayilolin da suka fara da account masu riƙe da shaidar asusunka, sai kuma client_state.xml, wanda shi ne littafin da ke haɗa dukansu. Idan wuta ta ɗauke daidai lokacin da ake rubuta wannan littafi ya lalace, manhajar tana komawa ga kwafinsa na baya mai suna client_state_prev.xml da kanta. Idan shi ma ya lalace, za ta tashi ba ta san da wani aiki ba. Wanda ke da halin sayen ƙaramar na'urar riƙe wuta ko inbata, wannan fayil kaɗai ya isa hujja.

Yadda ake sabuntawa

A bambance abu biyu. Manhajojin binciken da ke yin lissafin, kowane shiri ne ke aiko da sababbinsu da kansa ba tare da ka yi komai ba. Abin da kake sabuntawa da hannunka shi ne BOINC, mai kula da zirga-zirgar, wadda ta shiga jerin siga ta 8 a 2024. Ra'ayina shi ne kada a sabunta don kawai an ga sabuwar lamba, a kuma guji sigar gwaji a kan na'urar da ke riƙe da aikin kwanaki. Amma idan shiri ya ce yana buƙatar sabuwa, ko matsalar takardun tsaro ta taso, jinkiri ba shi da amfani.

Ka fara da rubuta lambar kwamfutarka a kowane shiri. Tana cikin layukan farko na kundin, bayan kalmomin "Computer ID". Sannan ka zaɓi kowane shiri ka danna "No new tasks". Idan ayyukanka gajeru ne, hanya mafi kwanciyar hankali ita ce ka bar su su ƙare, ka danna "Update" a kai rahotonsu, ka sabunta a kan na'urar da ba ta riƙe da komai. Ayyukan climateprediction.net kuwa sukan ɗauki kwanaki da yawa, jiransu ba koyaushe yake yiwuwa ba, don haka sai a dogara da zango. Ka zaɓi aikin ka danna "Properties", za ka ga tsawon lissafin da aka yi tun zangon ƙarshe, wanda shi ne abin da za a maimaita idan aka rufe manhajar. Ka jira ya yada sabon zango, adadin ya koma kusan sifili, sannan ka ci gaba.

Daga nan ka shiga "Activity" ka dakatar da hulɗa da intanet, ka kuma dakatar da lissafi. Wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke sa kwafin ajiya ya yi amfani. Dalili shi ne duk lokacin da manhajar ta tuntuɓi shiri akwai lambar jeri da ke ƙaruwa a ɓangarorin biyu. Idan ka mayar da tsohon kwafi bayan sabuwar manhaja ta riga ta yi magana da uwar garke, uwar garken za ta ga lambar ta koma baya, ta ɗauka wata na'ura ce dabam ko an kwafi jakar, sai ta iya yanke wa ayyukan da ke hannunka hukuncin "Abandoned", kwamfutarka kuma ta ci gaba da lissafin abin da ba za a karɓa ba. Saboda wannan dalili ne ma ba a kwafar jakar bayanai a kunna ta a kwamfutoci biyu.

Yanzu ka rufe manhajar da gaske. Rufe tagar kawai ba ya tsayar da ita. A Windows ka zaɓi fita a ƙarƙashin "File", ka sa alama a akwatin da ke cewa a tsayar da ayyuka, sannan ka buɗe Task Manager ka tabbatar boinc.exe da manhajojin binciken sun tafi. A Linux umarnin shi ne sudo systemctl stop boinc-client. Sai ka kwafi jakar bayanan gaba ɗayanta zuwa wani wuri, ko filashi.

Ka sauko da sabuwar siga daga boinc.berkeley.edu, ka girka ta a kan tsohuwar ba tare da cire komai ba. A Windows, idan allon girkawa ya nuna adireshin jakunkuna, ka tabbatar na bayanai ya yi daidai da wanda ka gani a kundin, musamman idan a da ka mayar da jakar wani faifai. Kuskure a nan shi ne ke sa mutum ya buɗe sabuwar manhaja ya tarar da ita wayam tana tambayarsa wane shiri zai shiga, alhali ayyukansa na nan a tsohon wurin. Akwai kuma zaɓin girkawa a matsayin hidimar tsarin Windows. Wanda ke lissafi da katin hoto kada ya zaɓe shi, domin a wannan yanayi manhajar ba ta ganin katin. A Linux ka tsaya kan hanyar da ka fara girkawa da ita, saboda sauya sheƙa daga kunshin da nau'in Linux ɗinka ke bayarwa zuwa wani nau'in kunshi yakan zo da wata jakar bayanai ta daban, ka kuma guji umarnin purge, wanda aka yi shi don share manhaja tare da saituttukanta. Idan ka mayar da fayiloli da hannu, ka tabbatar mallakarsu ta koma ga mai amfani mai suna boinc, in ba haka ba manhajar ba za ta iya rubutu a cikinsu ba.

Kada ka haɗa wannan aiki da sabunta direban katin hoto ko VirtualBox, manhajar da ke gudanar da kwamfutar kwaikwayo a cikin taka, a zama ɗaya. Wasu ayyukan LHC@home a cikin VirtualBox suke gudana, kuma sauya shi a ƙarƙashinsu suna tsakiyar aiki yana iya kashe su. Idan aka sauya abu uku a lokaci guda sannan wani abu ya lalace, ba a san wanda za a tuhuma ba.

Bayan an girka

Ka kunna manhajar, intanet ɗinta har yanzu a dakace, ka buɗe kundin. Ka nemi layin da ke faɗin sabuwar siga, da na jakar bayanai, da lambobin kwamfutarka, ka gwama su da waɗanda ka rubuta. Za ka ga ta lura da sauyin siga ta kuma gudanar da gwajin saurin furosesa na ɗan lokaci, wannan al'adarta ce. Mai katin hoto ya duba ko an ambaci katin. Idan aka rubuta "No usable GPUs found", yawanci direban ne, domin wanda Windows ke sakawa da kanta wani lokaci ba ya zuwa da OpenCL, ɓangaren da ke ba da damar yin lissafi da katin, sai a sauko da cikakkensa daga kamfanin da ya ƙera katin. Shiga kwamfutar daga nesa ta Remote Desktop shi ma yana sa katin ya ɓace wa manhajar. Idan tagar ta buɗe amma ta ce ta kasa haɗuwa da manhajar da ke bayanta, a duba ko ta bayan tana gudana, a kuma duba izinin karanta fayil ɗin gui_rpc_auth.cfg, wanda ke riƙe da kalmar sirrin da su biyun ke amfani da ita.

Idan ayyukan ba su bayyana ba, ka rufe komai ka gyara adireshin jakar ko ka mayar da kwafinka, tunda ba a tuntuɓi kowa ba tukuna. Idan sun bayyana, ka saki lissafi, ka ga sun ɗora daga kusa da inda suka tsaya, sannan ka buɗe intanet, ka danna "Update", daga ƙarshe ka danna "Allow new tasks". Wanda ya tarar shafin shirin ya nuna kwamfutarsa sau biyu, tsohuwa da sabuwa, zai samu hanyar haɗe su a jerin kwamfutocinsa, makin tsohuwar ya koma kan sabuwar. Shi kuwa kwafin ajiyar, daga lokacin da aka yi tuntuɓar farko bai dace a mayar da shi gaba ɗaya ba. Abin da ya rage mai amfani a cikinsa shi ne fayilolin saiti irin su cc_config.xml da global_prefs_override.xml, sai a ware su a share sauran.